Yadda ake ajiye ɗanyar kaza a firji, da yadda ake gane ta lalace

Kwana 1 zuwa 2 ne iyakar zaman ɗanyar kaza a firji, kuma wannan lissafin firjin da wuta ba ta yanke masa ba ne. Mu nan Zariya da za a ɗauke wuta da hantsi, sai bayan isha'i a ji yara suna ihun an kawo, awoyi ya kamata uwargida ta riƙa ƙirgawa.

Aikin tun daga kasuwa yake farawa. In za ki sayi kaza a Sabon Gari ko Tudun Wada a yanka a fige miki, ki bar ta ta zama sayayyar ƙarshe, daga nan sai gida. Ɗanyen nama ba ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce kacal. A watan Maris da Afrilu kuwa ko a inuwa mun wuce haka. Kazar da aka ƙulle a baƙar leda, aka biya da ita gidan suna, aka tsaya gaisuwa, ta fara lalacewa tun ba ta ga firji ba.

Da kin isa gida ki ware hanta da ƙundu, su ne ke saurin juyawa, gara a dafa su a ranar. Masana lafiyar abinci suna hana wanke ɗanyar kaza, saboda ruwan na fallatsa ƙwayoyin cuta kan kwanuka da kayan miya. Gaskiyarsu ne, amma kazar da aka fige a kasuwa ba ta rasa guntun gashi da ƙasa. Ni dai a cikin roba mai zurfi nake wankewa, a hankali, ba a ƙarƙashin famfo ba. Sai in zubar da ruwan nesa da inda ake wanke-wanke, in bi robar da wuƙar da hannuna da sabulu. Lemon tsami yana rage ƙarni, amma kada ki dogara da shi wajen kashe cuta.

Ki tsane naman sosai, ki kasa shi daidai girki ɗaya ɗaya. Wanda za ki dafa yau ko gobe ki sa a roba mai murfi, ki ajiye a hawan ƙasa na firji, can ciki. Dalili shi ne in jini ya ɗiga, kada ya sauka kan zoɓo, kankana ko sauran tuwon jiya da ba za a sake dafawa ba. Jikin ƙofa kuwa shi ya fi ko'ina ɗumi. Sanyin firji kada ya haura digiri 4. Ragowar kuma firiza, a ƙulle a leda a matse iskar, a rubuta ranar a jiki. A digiri 18 ƙasa da sifiri, yankakkiyar kaza tana kai wata 9, sukutum kuma shekara guda, amma wa ke da irin wannan wutar?

To in an ɗauke wuta fa? Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya awa 24. Sai a hana yara zaryar ɗaukar ruwan sanyi, kowace buɗewa ragi ce. Akwai dabarar da nake yi in zan yi tafiya: in daskarar da ruwa a kofi, in ɗora tsohon kwabo a kan ƙanƙarar, in bar shi a firiza. In na dawo na tarar kwabon ya nutse ƙasa, na san kayan sun narke sun sake daskarewa a bayana, ko da yanzu sun yi tauri kamar dutse. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya saki ya yi ɗumi na fiye da awa 2 kuwa, ya tafi. In kin ga wutar ba ta da niyya, ki sayi ƙanƙara ki zuba a kula, ko ki yi abin da iyayenmu ke yi, ki tafasa da gishiri da albasa ki soye.

Narkarwa a firji ake yi tun da dare, ko a ruwan sanyi ana canzawa duk minti 30. Ba a shanya ta a rana.

Wajen ganewa, hanci ne kan gaba. Lafiyayyar kaza ɗan ƙarni kawai take yi. In kin buɗe murfi wani tsami-tsami ya buge ki, ko wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, magana ta ƙare. Sai ki taɓa. Danshi daban, yauƙi daban: in yatsa na mannewa, yana jan zare kamar kuɓewa, ta lalace ko an wanke. Launi ma yana faɗa, daga ja-ja mai haske ya koma toka-toka ko kore-kore, musamman ƙarƙashin fiffike da wajen wuya. Wata ƙaramar salla na taɓa rufe ido na soya irin wannan don tausayin kuɗina, na cika mata yaji da citta. Ranar hawan Daushe a banɗaki muka yi kallonmu.

Sai dai ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter, masu kawo gudawa da zazzaɓi, ba su da wari ba su da launi. Kaza tana iya yin kyau a ido alhali tana ɗauke da su, shi ya sa ake ƙirga kwana, kuma ake dafawa har zafin cikinta ya kai digiri 74, musamman wajen ƙashin cinya. Wadda ta riga ta ruɓe kuwa wuta ba ta gyara ta, don wasu ƙwayoyin suna barin gubar da tafasa ba ta kashewa. Ki ƙulle ta a leda biyu ki jefar. Kada ki soya ki miƙa wa almajiri, shi ma ciki gare shi.