Yadda za ka saba wa hannunka jan layi ba tare da karkarwa ba

Duba takardar duk wanda bai daɗe da fara koyon zane ba, za ka tarar layukansa iri biyu ne: ko dai suna rawa kamar an ja su a cikin mota tana gudu, ko kuma an yi su guntu-guntu, wani bisa wani, har su fito buzu-buzu kamar tonon kaza. Tsoro ne ke jawo haka. Mutum yana jan fensir a hankali, idonsa ƙur a kan tsinin, yana ta gyara hanya, kowace gyara kuwa sai ta bar ɗan lanƙwasa a takarda. An ce sannu ba ta hana zuwa. To a nan za ta kai ka, amma a karkace.

Tanadi farar takarda A4 da yawa, irin wadda ba za ka ji zafin ɓata ta ba, da rula, da biro. Da gangan na ce biro. Fensir HB ko 2B ba shi da laifi wajen zane, amma muddin magogi na kusa, da rabin zuciya za ka riƙa ja, kana cewa ai na goge.

Mataki na farko shi ne sauya inda motsi yake fitowa. Rubutu ya saba mana da juya yatsu da wuyan hannu, domin haruffa ƙanana ne. Wuyan hannu kuwa ba ya nisa, kuma da ya ɗan yi tafiya sai ya lanƙwasa layin kamar baka. Zauna ka miƙe bayanka, ka riƙe biron ɗan nesa da tsininsa ba tare da ka matse ba, ka tsayar da wuyan hannu, ka bar kafaɗa ta kwashi hannun gaba ɗaya. Idan ka ga farcenka ya yi fari, riƙon ya yi tsanani. Gefen ƙaramin yatsa yana iya shafar takardar, amma kada ka kafa shi. A kwanakin farko kafaɗar za ta gaji, wannan ba abin damuwa ba ne.

Na biyu, bin sawu. Ja layi mai tsawon santimita 5 da rula, ka ajiye rular, ka bi kansa sau 8 da hannu kawai, kowane ja ya tashi daga wuri ɗaya. Sai ka ƙara tsawon zuwa rabin takarda, daga nan zuwa tsawonta duka, wanda ya kusa santimita 30. Ƙarshen layukan zai baje kamar bakin tsintsiya, ka ƙyale shi. Amma idan farkon ma ya baje, to ba ka tsayawa ka saita biro kafin ka ja.

Na uku shi ne wanda na fi so mai koyo ya daɗe a kansa. Sa ɗigo biyu, tazarar kamar taƙi guda. Juya takardar har sai hanyar da ke tsakaninsu ta dace da inda hannunka ya fi sakewa. Ga mai amfani da hannun dama, galibi daga ƙasa ta hagu ne zuwa sama ta dama. Juya takarda ba maguɗi ba ne, ƙwararru ma haka suke yi. Yanzu ɗaga biron kaɗan, ka yi ta kai hannu daga wannan ɗigo zuwa wancan a iska, sau uku ko huɗu, har ka ji motsin ya zauna. Ba tare da ka tsaya ba, sauke tsinin ka ja sau ɗaya, idonka a kan ɗigon da za ka, ba a kan biro ba. Da ka isa, ɗauke hannu.

Za ka wuce ɗigon, wani lokaci ka kauce masa da faɗin yatsa. Kada ka koma ka gyara. Layin da ya miƙe sumul ya kuskure ɗigo ya fi wanda ya dafa ɗigon yana rawa, domin saiti yana zuwa da yawan yi, ita kuwa karkarwa idan ta zama ɗabi'a wuyar bari gare ta. Komawa kan layin da ya ɓaci baƙi kawai yake ƙara masa, ido ya fi saurin ganinsa. Haka kuma ba fizga ake nufi ba: saurin da ake so shi ne wanda bai ba ka damar sauya shawara a tsakiyar hanya ba.

Idan miƙaƙƙen layi ya fara samuwa, koma kan masu lanƙwasa. Sa ɗigo uku ba a jere ba, ka ratsa su da ja ɗaya. Sai da'ira da siffar ƙwai: zana akwati, ka gwada zagayen a iska, ka sauke biro ka zagaya sau biyu ko uku kafin ka ɗaga, kana neman gefen ya taɓa bangon akwatin. Cike sauran gurbin takardar da gajerun layuka a jere, tazararsu ɗaya, wasu da nauyin hannu wasu sama-sama.

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku a rana ɗaya cikin mako, kuma ya isa ya zama ɗumama hannu kafin ka shiga zanen da ranka yake so. Rubuta kwanan wata a kusurwar kowace takarda ka adana. Bayan wata guda, fito da ta ranar farko ka shimfiɗa kusa da ta yau, ka ɗaga kowacce daidai idonka ka leƙa layin ta tsawonsa, kamar yadda kafinta yake duba katako.