Yadda ake kula da baƙin man ƙaramar mota a zafin Gombe

Ni direba ne, tsohuwar Corolla nake ja tsakanin Gombe da Kaltungo, wani lokaci har Bajoga. A ganina, yawancin injunan da ake kwancewa a garejojin garin nan ba tsufa ya kashe su ba, sakaci da baƙin mai ne. Mai mota ya san kuɗin fetur har kwabo, amma ka tambaye shi wane mai ke cikin injinsa, sai ya ce bakanike ya sani.

Fara da duba geji, wato sandar auna baƙin mai da ke jikin inji, da hannunka, sau ɗaya a mako ya isa. Da safe ya fi, kafin ka tayar da mota, tana tsaye a wuri mai daidai, ba a gangare ba. In kuwa ka riga ka yi tafiya, kashe ta ka jira kamar minti goma mai ya sauka. Zaro gejin, goge shi da tsumma mai tsabta, mayar da shi har ƙarshe, sannan ka sake zarowa. Akwai alama biyu a bakinsa, man ya tsaya a tsakaninsu, kusa da ta sama. A yawancin ƙananan motoci, tazarar alamomin nan kusan lita ɗaya ce, saboda haka in za ka ƙara, zuba kaɗan-kaɗan kana dubawa. Cikawa ya wuce alama ba gata ba ne, man yakan yi kumfa, ya kuma matsa wa robobin inji har su fara yoyo.

Kada ka tsaya a yawan man kawai, dubi kamanninsa. Baƙi kaɗai ba laifi ba ne, alama ce yana wanke dattin inji. Amma in ka murza shi a yatsa ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko yana warin ƙuna, lokacin juye ya yi. In kuwa ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwan lagireto ne ke shiga ciki, galibi gasket ya ƙone. Wannan ba ta juye ba ce, kai ta gareji tun kafin abin ya girma. Shuɗin hayaƙi a salansa kuma, injin yana shan mai ke nan, a duba ringi.

Sai maganar irin man, inda aka fi yin gardama. Da yawa cikin makanikanmu duk motar da ta shigo 20W-50 (lambar kaurin mai ke nan) suke zuba mata, su ce ai ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi. Ga tsofaffin injuna irin Golf 3 da suka sha tafiya, ba na musu. Amma Corolla ta 2003 zuwa 2008, 5W-30 kamfanin ya rubuta mata, wasu sabbin motocin ma 0W-20 suke so. Hanyoyin mai a cikin waɗannan injuna sirara ne, mai kauri yakan yi jinkirin isa sama da safe, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarafa suka fi cin juna. Zafin watan Maris da Afrilu, ko ya kai digiri 40, bai kai zafin cikin inji ba, domin shi yana aiki a wajen digiri 90 ne ko a Gombe ko a Jos. Duba murfin da ake zuba mai, sau da yawa an rubuta lambar a kansa, ko littafin motar in yana nan. A jikin galan kuma nemi rubutun API, wato alamar ajin mai, da harafin S a farko, kamar SN ko SP, shi ne na injin fetur. Mai farawa da C na dizal ne.

Yaushe za a yi juye? Man gama-gari, ni ba na wuce kilomita 5,000 da shi. Sintetik mai kyau yana kaiwa 8,000 zuwa 10,000 a ƙa'ida, amma da ƙurar hunturunmu ina rage masa. Wanda kuma zirga-zirgarsa daga Pantami zuwa Jekadafari ce kawai, kada ya ce ai ba ya tafiya. Gajeriyar tafiya ta fi gajiyar da mai, tunda injin bai gama ɗumama ba an kashe shi. Irin wannan ya yi juye duk wata shida, ko kilomita ba ta cika ba.

Ranar juye, saya man da kanka a gidan mai ko shagon da ka amince da shi, galan a rufe da hatiminsa. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba ka san asalinsa ba. Tsaya a wurin, kada ka ba da makulli ka tafi kasuwa. Injin ya kasance da ɗumi, a bar tsohon man ya tsiyaye sosai, a canza filta tare, kada ka yarda da "wannan tana da sauran rai". A shafa wa robar sabuwar filtar ɗan mai, a ɗaure ta da hannu. Ƙaramar Corolla ba ta cika shanye galan mai lita 4 duka ba, ragowar naka ne, sa shi a but. Bayan an tayar da ita, leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, a kashe, a jira, a sake duba geji. Rubuta kilomita da kwanan wata a takarda ka ajiye a mota.

Filtar iska ma a kakkaɓe ta ko a canza, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, domin ƙurar da ta wuce ta a cikin mai take ƙarewa.

Jar fitilar mai in ta kama kana tafiya, ko kana tsakiyar hanyar Dukku, sauka gefe ka kashe nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gari, 'yan mintuna sun isa inji ya buga. Duba geji. In mai ya yi ƙasa, ƙara daga na but ɗinka. In mai yana nan daidai amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ka sake tayarwa, kira bakanike ko a ja ta.