Yadda ake fitar da fetur, kananzir da dizal daga ɗanyen mai

Gangar ɗanyen mai lita 159 ce, kuma a cikinta akwai ɗaruruwan sinadarai a gauraye, kowanne da zafin da yake tafasa. A kan wannan bambancin aikin matata ya doru.

Da farko sai a wanke man. Daga rijiya yakan zo da ruwan gishiri da laka, don haka ana ɗumama shi zuwa digiri 120 ko 150 a ma'aunin Celsius, a haɗa masa ruwa mai tsabta kamar kashi 5 cikin ɗari, a wuce da shi ta tankin da lantarki mai ƙarfi ke harhaɗa ɗigon ruwan har su yi nauyi su kwanta ƙasa. Wanda ya yi wa wannan mataki riƙon sakainar kashi zai gani a gaba: gishirin da ya tsira, in ya sha zafi, yana zama asid ya cinye bututan saman hasumiyar da ake tace man a cikinta.

Daga nan man ya shiga tanda. Ana kai shi wajen digiri 350 zuwa 370, a tsaya nan. In an zarce, man zai fara fashewa da kansa, gawayi ya lafe a cikin bututan. Gawayin na hana zafi ratsawa, sai a ƙara wuta, ƙarfen ya yi ja, ƙarshe ya kumbura ko ya tsage.

Man da ya fito tanda, rabi tururi rabi ruwa, ana tura shi kusa da gindin hasumiyar tacewa. Cikinta farantai ne masu huda-huda, hawa-hawa, sau da yawa 30 zuwa 50. Ƙasa zafi, sama sanyi. Tururin na hawa yana hucewa, kowane kashi ya koma ruwa a farantin da zafinsa ya dace da shi, a janye shi ta gefe. Iskar gas ta girki ke fita ta can ƙoli, sai nafta wadda ita ce uwar fetur, sai kananzir tsakanin digiri 150 da 250, sai dizal daga nan zuwa wajen 350. Abin da ya ƙi tashi ya taru a gindi, baƙi ƙirin mai kauri.

Gwanintar mai kula da hasumiya tana wurin iyakar da ke tsakanin kashi da kashi. Nafta kaɗan ta gangaro cikin kananzir ta isa ta sa shi kama wuta da wuri, kuma irin wannan kananzir ne ke fasa fitila da risho. Shi ya sa ake hura wa kowane kashi tururin ruwa a wata ƙaramar hasumiya, ya kore masu sauƙin da suka maƙale.

Ragowar gindi ba a zubar da ita. Ana kai ta hasumiya ta biyu da aka zuƙe iskar cikinta, domin in matsi ya ragu mai na tafasa ba sai an kai shi zafin ƙonewa ba. Daga nan ake samun tushen baƙin man inji, da mai mai nauyi, da kwalta.

Har yanzu fa babu fetur ɗin da mota za ta sha. Naftar da ta fito hasumiya oktan ɗinta, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi a inji ba tare da ya kama wuta da kansa ba, ƙasa yake, don haka inji zai riƙa ƙwanƙwasa. Sai a bi da ita kan sinadarin filatinam, wani ƙarfe mai daraja, a zafin digiri 500, oktan ya haura 90, a kuma samu iskar haidirojin a kan hanya. Amma dole a cire mata farar wuta tukuna, don farar wuta na kashe filatinam. Shi kuwa mai mai nauyi, ana haɗa shi na 'yan daƙiƙoƙi kawai da garin ziyolait mai zafi, wani sinadari mai hanzarta farfasa mai, manyan sinadaran su farfashe su zama fetur. Gawayin da ya rufe garin a ƙone shi a wajen digiri 700, garin ya dawo aiki.

Haidirojin ɗin nan da shi ake wanke farar wuta daga dizal da kananzir. Tana fita a matsayin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai kisa, wadda in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. Don haka ma'aikaci ba ya shiga wannan sashe sai da na'urar gargaɗi a ƙirji.

Na ƙarshe shi ne haɗi da gwaji. Fetur gauraye ne na kashi da dama, ana auna su har oktan ya kai abin da doka ta gindaya. A ƙa'idar Turai, farar wuta a dizal ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma tururinsa ba ya kama wuta sai zafi ya haura digiri 55. Man jirgin sama na Jet A-1 kuwa kada tururinsa ya kama wuta ƙasa da digiri 38, kuma kada ya daskare kafin digiri 47 ƙasa da sifili. Tankin da ya faɗi gwaji ɗaya ba a loda shi, sai an gyara haɗin ko a mayar da shi a sake tacewa.