Nazarin bayanai: me ake nufi, kuma ta ina zaka fara

Tunda yaran mu na jami'ar KNUST suka fara dawowa hutu unguwar Aboabo a Kumasi da kalmar nan data analisis a baki nake jin mutane na tambaya wai me ake ce masa da Hausa. Nazarin bayanai ne, wasu su ce tantance bayanai, in lambobi ne zalla sai a ce nazarin alƙaluma. Ba ruwansa da datan MTN da kake saya a waya.

Kuma dan Allah a daina haɗa tattarawa da nazari. A ƙidayar 2021 ma'aikata sun bi gida gida suna tambayoyi, wannan tattara bayanai ne. Zaman da hukumar ƙididdiga ta Ghana tayi akan amsoshin har ta fitar cewa mun kai miliyan 30.8, kuma Greater Accra ta wuce Ashanti yawan jama'a, toh wannan shine nazarin.

Yanzu yadda zaka yi da naka hannun. Fara da tambaya ɗaya tak, kar ka tara lambobi baka san me kake nema ba. A ce Hajiya mai waakye (shinkafa da wake) ce ke son sanin wace rana tafi ciniki, sai ta samu littafi ta ja layi huɗu, kwanan wata, kuɗin cefane a kasuwar Kejetia, kuɗin hannu, kuɗin MoMo (wanda aka turo ta waya), kullum in an tashi ta rubuta har wata guda ba tsallake, ko ranar da ruwa ya hana kasuwa ta rubuta don itama bayani ce.

Sannan gyara, nan ne mutane ke ƙosawa kuma wallahi nan aikin yake. Wani wuri an sa 50 alhali sidi 500 ne, wata rana an rubuta sau biyu, bashin da ba'a biya ba an lissafa shi cikin ciniki, in baki cire waɗannan ba Hajiya duk abinda ya fito ƙarya ne ko da kwamfuta ce ta lissafa.

Bayan haka ki haɗa Litinin da Litinin, Juma'a da Juma'a, ki raba da yawan ranakun ki ga matsakaici, ki cire cefane. Mai manhajar lissafi irin Excel ko Google Sheets a waya zai yi shi cikin minti kaɗan, littafi da biro ma sun isa. In kin ga Talata ce kullum shinkafa ke saura, Talata mai zuwa ki rage olonka (gwangwanin awo) ɗaya ki sake rubutawa ki gani.