Yadda za ka yi da gidan da ka saya don aure, auren kuma ya watse

A Kano, Kaduna ko Abuja, gidan farko da yawancin mutane ke saya ba na kasuwanci ba ne, na aure ne. Ko dai iyayen yarinya sun ce a fito da muhalli kafin a sa rana, ko kuma matar ce ta gaji da zaman haya ta sayar da gwal ɗinta ta ɗora a kan kuɗin miji. Sai magana ta lalace. An fasa bayan an kai lefe, ko an yi saki shekara biyu da tarewa. Gida yana nan, bashinsa yana nan, mai shi kuwa ko layin ba ya son bi. A irin wannan hali ne mutum yake tsayar da dillali ya ce masa, "Ko nawa aka taya a sallama, ni dai in rabu da shi." Dillalai sun san wannan magana, kuma sun san yadda ake cin moriyarta. Ga matakan da ya kamata a bi kafin a kai ga nan.

Mataki na farko: kada a taɓa komai tukuna

Idan saki aka yi, shari'a ma ta riga ta tsayar da kai. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matan da aka saki daga gidajensu har su gama idda. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke aiki da ita, ko sakin da miji ba shi da damar yin kome a cikinsa ne, mace tana da haƙƙin wurin zama har iddarta ta cika. Mun saba ganin ana saki a kira mota a kwashe kaya kafin magariba, amma sabo ne kawai, ba hukunci ba. Don haka sa gida a kasuwa alhali tana cikin idda ba daidai ba ne tun daga tushe.

Idan kuma aure ne aka fasa, ba wanda ya ɗaure ka sai kanka. Ka ɗebar wa kanka wa'adi, wata uku zuwa shida, wanda a cikinsa ba sayarwa, ba jingina, ba karɓar kafin alƙalami daga kowa. Amma kada ka bar gidan a kulle babu kowa. Gidan da ba a kwana a cikinsa, ɓarayin wayar wuta da kan famfo ne ke fara ziyartarsa, damina ta ƙarasa sauran. Ka sa ƙane ko mai gadi.

Mataki na biyu: a tantance gidan na wane ne

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gudu, saboda lokacin da ake ɗasawa ba wanda ya yi tunanin rubuta komai. Fito da takardun duka: takardar ciniki da shaidun da suka sa hannu, takardar shaidar mallaka ta gwamnati wadda ake kira C of O idan akwai, ko takardar mai unguwa da dagaci idan filin awon igiya ne. Duba sunan wa ke kai. Sannan ka je banki ka ciro bayanan asusunka na lokacin da aka yi cinikin, ka tattara rasit na siminti da rodi da kuɗin magina idan gini kuka yi.

Sunan da ke kan takarda hujja ce babba, amma bai rufe magana ba idan ɗaya ɓangaren ya sa kuɗi. Duk kuɗin da ya fito daga hannun ɗayanku ya shiga gidan, ɗaya ne cikin abu uku: rance, kyauta, ko tarayya. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. A ce an sayi gida naira miliyan 18, miji ya ba da 12, mata ta ba da 6, yau kuma ana taya gidan miliyan 27. Idan rance ta ba shi, miliyan 6 take bi, ba ƙari. Idan tarayya suka yi, kashi ɗaya cikin uku na gidan nata ne, wato miliyan 9 a farashin yau. Idan kuma kyauta ta yi masa da yardarta, ba ta bin komai. Kowa zai so ya tuna maganar ta fuskar da ta fi yi masa daɗi, shi ya sa saƙonnin WhatsApp na wancan lokaci da mutanen da aka yi maganar a gabansu suke da daraja yanzu. Kada a goge su don haushi.

Maza da yawa suna faɗawa wani rami a nan. Mutum ya sayi gida ya rubuta sunan matarsa, ya miƙa mata takardu a gaban 'yan uwa, ana ta sa albarka. Ranar da aka rabu sai ya ce ai ajiya ya ba ta. A fiƙihun Malikiyya kyauta tana tabbata da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa, kuma miji ba ya cikin waɗanda aka yarje wa su janye kyautarsu. Iyaye ne ke da wannan dama a kan 'ya'yansu, su ma da sharuɗɗa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kamanta mai komawa kyautarsa da kare mai komawa amansa. Abin da kan jawo jayayya shi ne gidan da mijin ya ci gaba da zama a ciki bayan kyautar, domin a nan malamai sun yi magana mai tsawo a kan ko hauzin ya cika. Wannan ba abin da za a yanke a majalisar abokai ba ne. A kai wa malamin da ya san babin, ko lauyan da ke aiki a kotunan shari'a.

Ke kuma da kika sa kuɗinki amma babu sunanki a ko'ina, kada kunya ta sa ki yi shiru. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, saki ma bai shafe ta ba. Idan khul'i ake yi, ki saurara da kyau ga abin da aka ambata a matsayin fansa, kada a cusa kasonki na gida a ciki ba da saninki ba. Ki sa waliyyinki ya yi maganar tun da wuri, a gaban manyan ɓangarorin biyu. In ta ƙi, akwai ofisoshin Hisbah da ke sulhu a jihohin da suke da ita, bayansu kuma sai kotu. Waɗanda suka yi auren rajista hanyarsu daban ce: dokar shari'o'in aure ta 1970 ta ba babbar kotu ikon daidaita rabon kadara tsakanin ma'aurata.

Idan da 'ya'ya, lissafin ya ƙara wani layi. A Malikiyya uwa ce ke da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, matuƙar ba a sami abin da ya kawar da haƙƙin ba, wurin kwanan yaran kuma yana wuyan uba. Wanda ya sayar da gida yau yana iya wayar gari yana biya wa 'ya'yansa haya gobe.

Mataki na uku: ɗauki biro

Rubuta abin da gidan ke ci duk wata, da abin da ke shigo maka kai kaɗai yanzu. Idan bashin Asusun Gidaje na Ƙasa ne, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa dominsa, ruwansa kashi 6 ne a shekara, biyansa kuma yana iya kaiwa shekara 30. Ko me mutum ke gani game da hukuncinsa, ta fuskar nauyin biya ba a haɗa shi da bashin bankin kasuwanci. Idan ta bankin Musulunci ka bi, irin su Jaiz ko TAJ, duba yarjejeniyar ka ga murabaha ce mai tsayayyen farashi ko haya ce mai ƙarewa da mallaka, domin abin da za ka biya idan ka so fita da wuri ya danganta da hakan. Ka haɗa har da bashin da ba shi da takarda: adashin da ka ɗauka, na ƙungiyar ma'aikata, da miliyan ɗayan da yayanka ya ba ka ya ce "sai ka samu."

Kada ka jira ka kasa biya sannan ka je banki. Ka je tun yanzu ka gaya musu halin da ake ciki, musamman idan da albashi biyu aka yi lissafin biyan. Sake tsara biya ya fi sauƙin nema ga wanda bai tsallake wata ba.

Mataki na huɗu: gidan ne ba ka so, ko mutumin?

Wannan tambayar ce ke raba nadamar gaskiya da ɓacin rai. Ka rubuta dalilanka na ƙin gidan, sannan ka soke duk wanda sunanta ko sunansa ya fito a ciki. "Ita ta zaɓi fentin." Soke. "Gidan yayarta yana bayan layin." Wannan ma, in ka duba, na ɗan lokaci ne. Abin da ya rage shi ne aibin gidan na ainihi: ya yi nisa da wurin aikinka don kusa da makarantar da take koyarwa aka nema, ruwa yana kwanciya a ƙofa duk Agusta, ɗaki huɗu ne kai kuma kai kaɗai ne, ko biyan ya fi ƙarfin albashi ɗaya.

A ganina, mafi yawan masu wannan nadama in suka yi sokewar nan ba sa samun abin kirki a ƙasa. To irin waɗannan sai su tuna a wace ƙasa suke. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, siminti da rodi suka yi tashin da kowa ya gani. Wanda ya mayar da gida kuɗi ya ajiye a asusu yana jiran zuciyarsa ta huce, kafin ta huce kuɗin ba za su sake saya masa irin gidan ba. Kuma kuɗin gida a hannun mai ɓacin rai ba sa daɗewa: mota, sabon neman aure na huce haushi, 'yan uwa masu buƙata.

Wanda kuwa ya soke ya ga manyan dalilai sun rage, ya fita ba tare da jin kunya ba. Ba dole ne mutum ya zauna cikin bashin da ke hana shi barci don kada a ce ya sayar da gida ba.

Mataki na biyar: zaɓi hanyar fita

Haya ita ce hanya mafi sauƙin dawowa daga gare ta. Ka ba da gidan, ka kama ciki da falo kusa da aikinka, ka bar shekara ta yi maka hukunci. Sai dai a rubuta yarjejeniya, kuma ka sani mai hayar shekara notis ɗin wata shida yake da shi a dokar yawancin jihohi, sai in an rubuta wani abu daban. Idan kana tunanin sayarwa nan kusa, ka sa wannan a lissafi. Kada kuma ka ɗauka kuɗin haya zai rufe biyan banki, sau da yawa ba ya rufewa.

Musaya hanya ce da ba a cika tunawa da ita ba, alhali dillalan gidaje suna yin ta kullum: ka ba da babba ka karɓi ƙarami da ciko, ko ka ba da na bayan gari ka karɓi na ciki ka yi ciko. Dukiyarka ba ta zama tsabar kuɗi ba balle ta narke.

Idan tarayya ce, ɗaya ya sayi kason ɗaya. A samo masu ƙima biyu, kowane ɓangare ya kawo nasa, a tsaya a tsakiya. In babu kuɗin a dunƙule, a rubuta biya kashi-kashi da ranaku. Wanda ya yi fushi ya sayar wa bare kasonsa don ya ƙuntata wa ɗayan ya sani akwai shuf'a: abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓar kason a kan farashin da baren ya biya.

Sayarwa gaba ɗaya ita ce ta ƙarshe. Kada ka gaya wa dillali dalilinka, kuma kada ka ba mutum ɗaya. Ku yi maganar la'ada tun kafin a kawo mai saye. Kafin ka ce ka sallama, ka riga ka san inda kuɗin za su kwana, fili ne ko wani gidan, har ka taya shi. Gidan da ke da bashin banki kuwa ba ya sayuwa sai da bankin, don takardunsa suna hannunsu.

Mataki na shida: a rufe takardu

Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta shi, ku biyu ku sa hannu, shaidu daga kowane ɓangare su sa, in da hali a kai kotu ta tabbatar da sulhun. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa sauya mallakar fili mai shaidar gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna (a Abuja kuma ta ministan birnin tarayya), saboda haka sai an bi ta ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a cire sunan da ya fita a sa wanda ya rage. Akwai kuɗi da zirga-zirga a ciki, shi ya sa mutane ke cewa "ai mun fahimci juna" su bar shi. Ku kun fahimci juna. Amma ita za ta yi wani auren ta haihu, kai ma haka, kuma ranar da ɗayanku ya rasu, magada gida biyu da ba su san juna ba ne za su tsaya gaban alƙali da takarda mai ɗauke da sunan da ba a cire ba.