Kurakuran da ake yi da kiɗan Satta Massagana

Jama'a abun nan yana damuna, da an sa Satta Massagana a wajen taro sai ka ji wani ya ce ai Bob Marley ne. Ba shi ba ne. The Abyssinians ne, su uku, Bernard Collins da Donald Manning da ɗan'uwansa Lynford, sun ɗauki waƙar a Studio One, ɗakin ɗaukar waƙa na Coxsone Dodd a Kingston a 1969, shi Dodd ya ajiye ta bai fitar ba, sai da suka sa kuɗinsu suka fanshi tef ɗin suka fitar da kansu a 1971 a ƙarƙashin nasu kamfanin faifai mai suna Clinch. Sunan waƙar ma daga Amharik aka ɗauko, yaren Habasha, godiya yake nufi.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne in mutum ya ji wani mawaƙi a kan kiɗan ya ce sata ce. A Jamaika kiɗan daban waƙar daban, shi suke ce wa ridim, wato bes da ganga da bushe-bushen da ke ƙasan murya, kuma kowa na iya hawa ya faɗi nasa, kamar yadda Big Youth ya hau wannan ɗin. Shi ya sa faifan ke zuwa da fuska biyu, gaba akwai murya baya kiɗa zalla, kuma wallahi bayan nan shi ne ran saun sistem, wato tarin manyan sifikokin da ake sa kiɗa da su a wajen taro, don a kansa mai makirufo yake magana da jama'a. To kai mai sa kiɗa in waƙar ta ƙare kada ka tsallake, juya faifan ko ka nemo bashan ɗin, wato kiɗan zalla, ka bar shi ya tafi.

Af, a can mai zaɓen faifai sunansa selekta, dije kuma shi ne mai magana a makirufo, mutane suna yawan juya su.

Sai gaggawa. Wasu minti ɗaya bai cika ba sun yanke sun haɗa da wata, alhali wannan kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, yana son a ba shi lokaci. Marigayi Jah Shaka, mai saun sistem a Landan, a zamaninsa da abun juya faifai guda ɗaya tak yake kwana yana yi, ya cire wannan ya ɗora wancan, shirun tsakani bai taɓa korar kowa ba.

Na ƙarshe sauraro da sifikar waya. Bes ɗin da Leroy Sibbles ya kaɗa ba ya fitowa ta nan ko kaɗan, kuma shi ne ƙashin bayan kiɗan gaba ɗaya. Samu babbar sifika ko iyafis mai kyau, rage ƙarar sama ka ɗaga ta ƙasa kaɗan kaɗan, in ka ji sifikar ta fara kakari ka sauke, a ƙirji ake so ka ji shi.