Babi Na Bakwai: Yadda Gishiri Da Alif Ke Yin Ƙwaya

Darasi na 1: Ku duba da idonku

Ku samo ɗan gishiri mai tsakuwa-tsakuwa, irin wanda ake aunawa a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada. Ku barbaɗa kaɗan a kan baƙin ƙyalle, ku fita tsakar gida inda haske yake. Wanda idonsa ya yi rauni ya sa tabarau, babu kunya a ciki. Za ku ga yawancin ƙwayoyin suna da kusurwa da fuska a daidaice: sama, ƙasa da gefe huɗu, fuska shida ke nan. Ba injin ne ya yanka su haka ba. Ƙwayar da ta fito da tsari irin wannan da kanta, masana kimiyya na kiran ta kiristal. Ku rubuta kalmar a littafinku kafin mu wuce.

Gishiri haɗin sinadari biyu ne, sodiyom da kulorin. Ƙananan ɓurɓushinsu da ido ba ya gani suna jeruwa kamar sahun sallah, kowa kafaɗa da kafaɗa, sahu bayan sahu. Wannan jeren na ciki shi ke fitowa waje ya zama fuska da kusurwa.

Darasi na 2: Mu yi da hannunmu

Kayan aiki su ne ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, da gishiri, tukunya mai tsabta, cokali, farin ƙyalle na tata, da faranti mai faɗi.

Ku ɗora ruwan ya yi zafi, ku sauke. Ku zuba gishiri cokali ɗaya, ku juya har ya ɓace. Gishirin bai tafi ko'ina ba, narkewa ya yi, sahun ya watse cikin ruwa. Ku ƙara wani cokalin, ku juya. Ku sake ƙarawa.

To, a nan ne kusan kowane aji ke tuntuɓe, don haka ku natsu. Ba a daina zuba gishiri don ruwa ya yi ɗanɗano. Ba miya muke yi ba. Ana dainawa ne sai an zuba, an juya, an juya, gishirin ya ƙi narkewa ya kwanta a gindin tukunya. A lokacin ne muke cewa ruwa ya ƙoshi. Lita ɗaya tana ɗaukar wajen giram 360 na gishiri, rabin lita kuwa wajen giram 180. Cokali goma ne ko fiye, gwargwadon cokalinku. Na san hannun uwar gida ba ya son zuba gishiri haka, yana ganin ɓarna ce. Hajiya, ki daure ki zuba, gishirinki zai dawo miki a faranti.

Mu maimaita. Kin zuba, ya ɓace? Bai ƙoshi ba, ƙara. Malam, ka zuba, ka juya minti biyu, ya ɓace? Bai ƙoshi ba. Ka zuba, ka juya har hannu ya gaji, kuma ga shi kwance a ƙasa kana gani? Yanzu ya ƙoshi. Da ido ake ganewa, ba da harshe ba.

Dalilin wannan naci shi ne, ruwan da bai ƙoshi ba yana da sauran wurin riƙe gishiri, don haka ba zai saki ko ƙwaya ɗaya ba sai ya ƙafe sosai, ku yi ta jira har ku fid da rai. Wanda ya ƙoshi kuwa, da zarar iska ta kwashe ɗan ruwa, gishirin da ya rasa wuri dole ya fito ya shiga sahu.

Yanzu ku bar shi ya huce, ku tace da farin ƙyalle. Ruwan kawai muke so, guntun da ya kwanta ku mayar wa miya. Ku zuba a faranti, kada zurfinsa ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Ku lulluɓe da siririn mayafi saboda ƙura, musamman da hunturu, ku ajiye a inuwa inda yara da kaji ba sa kaiwa. Kada ku girgiza. A bushewar iskarmu ta Zariya, cikin 'yan kwanaki za ku fara ganin ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu a gindin faranti. Da damina yakan ɗan jinkirta.

Wanda ya duba bai ga komai ba, kada ransa ya ɓaci. Ya tambayi kansa tambaya ɗaya: na ga gishiri kwance kafin in tace? In bai gani ba, ya koma tukunya. Amma gaskiya, 'yan uwa, abin yana damuna. Ana karanta wannan shafi tare a aji, kowa ya ce ya gane, sannan a zo da farantin ruwa zalla a ce littafi ne bai faɗi daidai ba. Cokali uku ba ya ƙosar da rabin lita, ko wa ya zuba shi. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan da biro: sai ya ƙi narkewa.

Darasi na 3: Alif

Alif ɗin da ake sa wa ruwan rijiya ya kwantar da laka ya fi gishiri sauri, domin ruwan zafi yana ɗaukarsa da yawa, in ya huce ya saki. Ku daka shi, ku narkar a rabin kofin ruwan zafi, nan ma har sai ya ƙi narkewa. Ku tace, ku rufe, ku bari ya kwana. Da safe za ku tarar da ƙwayoyi masu sheƙi, mai kyau a cikinsu fuskarta takwas. Kada a sha wannan ruwa.

Ku lura da wannan: abin da ya huce a hankali yana ba da manyan ƙwayoyi, wanda ya huce da gaggawa ƙanana. Shi ya sa mazarƙwailar da ake dafawa daga rake a wajajen Maƙarfi take da laushin ƙwaya, don ana juya ta tana hucewa da wuri. Dutsen Kufena kuma narkakken dutse ne da ya daɗe yana hucewa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa in kun duba jikinsa za ku ga ƙwayoyi farare da baƙaƙe ido na gani.

Darasi na 4: A cikin gida da gona

Zuma in ta daskare ta yi tsaki-tsaki, ba lallai jabu ba ce. Sukarin cikinta ne ya yi ƙwaya. A tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, za ta saki.

Takin yuriya da gishiri suna dunƙulewa da damina saboda sun sha laima, sun ɗan narke, sun sake bushewa a manne. A ɗaure bakin buhu, a ɗora kan katako.

A Bilma ta ƙasar Nijar, ruwan gishiri ake tarawa a ramuka rana ta ƙafar da shi, aikin farantinku ne a babban fili.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku rubuta jimla biyu a kan yadda ake gane ruwa ya ƙoshi. Ku zana ƙwayar gishiri ɗaya. A zo da faranti ranar Asabar.